Daga Jangebe Zuwa Birnin Shehu: Ziyarar Ilimi ta Yini Guda

Ziyarar ilimi da matsayinta

Ziyarar ilimi ita ce tafiyar da makaranta kan shirya wa ɗalibanta zuwa wani wuri mai alaƙa da darasinsu, domin su gani da idonsu abin da suka saba ji daga bakin malami, kuma galibi takan kasance ta yini guda, a tashi da sassafe a komo gida kafin duhu ya shiga. Amfaninta ya fi bayyana a darasin tarihi, saboda fanni ne da ke magana a kan mutanen da suka shuɗe da al'amuran da ba za su sake faruwa ba, don haka yaro kan ɗauke shi tamkar tatsuniya matuƙar bai taka ƙasar da abin ya faru a kanta ba, bai kuma ga takardar da magabata suka rubuta da hannunsu ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina irin wannan tafiya a duk inda ake yin ta.

A ƙasashen da suka ba wannan hanyar koyarwa muhimmanci, tsofaffin birane sun zama wani sashe na makaranta. A Sifaniya, alal misali, makarantu kan kai ɗalibansu birnin Toledo, wanda Larabawa suka sani da Ɗulaiɗila, mai nisan kimanin kilomita 70 daga Madrid, inda akan nuna musu masallacin Babul Mardum da aka gina a 999, da wuraren ibadar Yahudawa, da babbar majami'ar Kirista, a kuma ba su labarin yadda birnin ya fita daga hannun Musulmi a 1085 amma ya zama cibiyar fassara littattafan Larabci zuwa harshen Latin a ƙarnin da ya biyo baya. Ɗalibin garin Jangebe, wanda ke kudu da Talata Mafara a Jihar Zamfara, shi ma yana da birnin tarihi da zai iya zuwa ya dawo a yini guda, wato Sakkwato, babban birnin daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa, wanda kuma shi ne babban birnin jihar da Jangebe ke cikinta har zuwa ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Abin da ke biye bayani ne na yadda irin wannan tafiya kan kasance, da abin da hanya da birnin ke koya wa ɗalibi, da kuma abin da ya hana yaran wannan yanki cin moriyarta a 'yan shekarun nan.

Shiri da tashi

Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, domin a bazara zafin Sakkwato kan haura maki 40 a ma'aunin zafi, da damina kuwa hanyoyin ƙauyuka kan lalace, yara da yawa kuma suna taya iyayensu aikin gona. Tun kafin ranar, shugaban makaranta kan nemi izinin hukumar ilimi, ya aika wa wuraren da za a ziyarta takarda, ya kuma nemi yardar iyaye ɗaya bayan ɗaya, saboda a ƙasar Hausa ba a ɗaukar ɗan mutum, balle ɗiyarsa, a fita da shi gari ba da sanin mahaifi ba. Malamin tarihi kan raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ɗora wa kowane rukuni tambayar da zai nemo amsarta, wani a kan gine-gine, wani a kan rubuce-rubuce, wani a kan sana'o'i, domin tafiyar da ba ta da tambaya takan koma yawon kallo kawai.

Ayari kan taru a harabar makaranta bayan sallar asuba, kowane ɗalibi da littafin rubutunsa da gorar ruwa da ɗan guzuri na fura ko ƙuli-ƙuli ko dabino, a kira suna, a ƙirga kawuna, wani dattijo daga cikin malamai ya yi addu'ar tafiya, iyayen da suka yi rakiya su ce Allah ya kiyaye hanya, ya kai lafiya ya komo da ku lafiya. Idan ayarin na 'yan mata ne, malamai mata su ke zama a tsakaninsu, kowace da adadin ɗaliban da aka damƙa mata amanarsu.

Ƙasar Zamfara a bakin hanya

Darasin kan fara tun kafin mota ta bar ƙasar Zamfara. Bayan an hau babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato aka iso Talata Mafara, abin da ke fara ɗaukar ido shi ne korayen gonakin rani a tsakiyar ƙasar da ta bushe, da magudanan siminti da ke rarraba musu ruwa. Ruwan yana fitowa ne daga madatsar Bakolori, wadda aka gina a kan gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, mai iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 450 a ma'aunin cubic, wadda kuma aikin noman raninta ya shafi ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda ake noman shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir. Malami mai adalci ba ya tsayawa a kan albarkar madatsar kaɗai, yakan kuma gaya wa ɗalibai cewa gina ta ya tashi ƙauyuka ya cinye gonaki, manoman da suka nemi diyya suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka murƙushe su da ƙarfin bindiga, aka rasa rayuka masu yawa. Daga cikin ɗaliban da ke motar akan sami jikokin mutanen da abin ya shafa, wanda hakan kan nuna musu tun da wuri cewa tarihi ya haɗa da abin da ya faru a gidajensu.

Ƙasar da motar ke ratsawa ta daɗe da shiga littattafai. Zamfara tsohuwar masarauta ce da ta yi ƙarfi har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, kafin Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari su ci Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760 su gina Alƙalawa a matsayin sabon babban birninsu, sarautar Zamfara kuwa ta yi ta sauya mazauni har ta tabbata a Anka, maƙwabciyar Jangebe, inda Sarkin Zamfara yake har yau. A cikin wannan hali na mutanen da aka ci da yaƙi aka ɗora musu haraji ne Shehu Usmanu ya shigo Zamfara yana wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar tare da ƙanensa Abdullahi, kamar yadda Abdullahin ya bayyana a littafinsa Tazyinul Waraƙati, kuma garin Faru na cikin wuraren da ya zauna. A wannan lokacin ne, wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bayan hijirar Shehu zuwa Gudu a Fabrairu 1804 da yaƙin Tabkin Kwatto a Yuni na shekarar, lokacin da yunwa da asarar yaƙin Tsuntsuwa suka matsa wa jama'ar Shehu, Zamfara suka nufo a 1805 suka sauka a Sabon Gari. Saboda haka ɗalibin Jangebe ko Bakura ko Maradun da ke kan hanyar Sakkwato yana tafiya ne zuwa ƙarshen labarin da wani babban sashensa ya gudana a ƙasar kakanninsa.

Daga Talata Mafara zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Akan wuce mararrabar da ke shiga Bakura, a ƙetara zuwa Jihar Sakkwato ta Tureta, a bi ta Dange da Shuni, ƙasa tana ƙara buɗewa, itatuwa suna raguwa, garken jajayen awaki suna yawaita a gefen hanya, har a hango gine-ginen birnin da hantsi.

Birnin da aka kafa a matsayin ribaɗi

Sakkwato ba ta cikin tsofaffin biranen Hausa irin Kano da Katsina, domin ƙaramin ƙauye ce kafin Muhammadu Bello ɗan Shehu ya zaɓe ta a 1809, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya kewaye ta da ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da ke kare gari. Ya zaɓi wurin ne saboda tudu ne da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, mai fadama ta noma da kiwo, mai kuma sauƙin tsarewa. Irin wannan gari shi ake kira ribaɗi, ma'ana mazaunin da ake kafawa a bakin iyaka domin tsaro, inda mazauna ke haɗa gadi da noma da karatu, kuma Bello ya ci gaba da kafa irinsa a wurare da dama, mafi shahara shi ne Wurno, inda ya rasu a 1837 aka binne shi. Shehu kansa ya zauna a Sifawa kafin ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a cikinta a watan Afrilu 1817.

Ganuwar ta rushe, gari ya cinye mafi yawan wurinta, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin mutane, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku da Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Dundaye da Ƙofar Aliyu Joɗi. Malami kan sa ɗalibai su zana taswirar tsohon birni ta hanyar bin waɗannan sunaye, su gano wace ƙofa ce ke kallon wace ƙasa, daga nan su fahimci cewa sunan unguwa da na ƙofa su ma hujjoji ne da mai nazarin tarihi ke aiki da su idan gini ya ɓace.

Takardun magabata da sawun Andalus

Zangon da ya kamata a ba lokaci mafi tsawo shi ne cibiyar tarihi da al'adu da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, malamin da aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, wanda ya riƙe wazircin Sakkwato tun daga 1948, ya tattara ɗimbin rubuce-rubucen magabata, ya kuma rubuta Tarihin Fulani. A cibiyar akwai kayan yaƙi da na sarauta da na sana'a, akwai takardun zamanin mulkin Turawa, akwai kuma rubutattun littattafai da wasiƙu na zamanin daular. Ɗalibai kan gaida ma'aikacin da ke yi musu bayani da Allah ya gafarta Malam, su kewaye shi da littattafan rubutunsu, kuma galibi maza kan fi tsayawa wurin takubba da masu da kwari da baka da sulke, wato rigar yaƙi da aka saƙa da zobban ƙarfe, da lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Aikin malami a nan shi ne ya ja hankalinsu zuwa ga takardu, domin da su aka tafiyar da daular da ta kai daga Masina har Adamawa a tasirinta, ta hanyar wasiƙun da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da Gwandu da sarakunan da aka ba tuta.

Rubutaccen littafi na wancan zamani abin nazari ne ko da mutum bai iya karanta shi ba. Takardar da yawanta daga Italiya take, fatake suka ƙetaro da ita Sahara ta Tarabulus, kuma idan aka ɗaga wata a haske akan ga alamar jinjirin wata uku da masana'anta ta saka a cikinta. Tawadar ta gida ce, wadda ake haɗawa da ƙaro da gawayi ko 'ya'yan bagaruwa, alƙalamin kuwa na kara ne da ake feƙewa. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai dai a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gabata domin kada tsari ya rikice, a haɗa su tsakanin fatu biyu a ɗaure, a sa a gafaka, wato jakar fata ta adana littafi. A nan ne ɗalibi kan ga ajami, wato rubuta Hausa ko Fulatanci da baƙaƙen Larabci, ya gane cewa an rubuta harshensa tun kafin zuwan boko, ya kuma ji sunayen ayyuka irin su Bayanu Wujubil Hijra da Shehu ya kammala a 1806, da Liya'ul Hukkami da Abdullahi ya rubuta wa mutanen Kano a kan tsarin mulki, da Infaƙul Maisuri da Bello ya rubuta a 1812, wanda har yau yake cikin manyan madogaran tarihin wannan yanki.

A wannan ɗaki ne kuma alaƙar ƙasar Hausa da Sifaniya ke fitowa fili. Andalus shi ne sunan da Musulmi suka ba sassan Sifaniya da Fotugal da suka mulka tun daga shigar Ɗariƙu ɗan Ziyad a 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma littattafai da dama da ake karantawa a zaurukan Zamfara da Sakkwato daga can suka fito. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ke hannun almajirai riwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Ashafa, wanda ake karantawa a watan azumi da na Mauludi, na Alƙali Iyal ne, haifaffen Sabta da ya yi alƙalanci a Garnaɗa ya rasu a 1149. Ishiriniya, wadda ake rerawa a yabon Annabi, ta Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a 1230, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambace ta cikin abin da ya karanta a wurin yayansa. Alfiyya ta nahawu ta Ibnu Malik ce, wanda aka haifa a Jayyan ya rasu a Dimashƙa a 1274, Tuhfatul Hukkami da alƙalai ke dogaro da ita ta Ibnu Asim ce na Garnaɗa, Sirajul Muluki kuwa, wanda Shehu ya ciro hujjoji daga cikinsa a kan adalcin shugaba, na Ɗurɗushi ne mutumin Tortosa. Hatta salon rubutun allo, mai ɗigon fa'un a ƙasa da ɗigo ɗaya a kan ƙaf, da ƙira'ar Warshu da gardawa ke bi, gado ne da ƙasar Hausa ta yi tarayya a kansa da Magrib da Andalus. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya san cewa malamin zauren unguwarsu yana riƙe da wani sashe na ilimin biranen da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa ganin gine-ginensu, kuma abin da ya saura a can na dutse ne da tubali, alhali a nan karatun ne ya ci gaba.

Hubbaren Shehu

Daga cibiyar akan nufi tsohon gari zuwa Hubbare, wato gidan da Shehu ya zauna a ƙarshen rayuwarsa aka kuma binne shi a ciki, wanda daga baya ya zama makwancin wasu daga cikin iyalinsa da sarakunan Musulmi da suka biyo baya. Akan tuɓe takalmi, a sassauta murya, a yi sallama ga mamata a roƙa musu gafara, malamai kuma kan tunatar da ɗalibai cewa roƙo ga Allah kaɗai ake yi, domin Shehu da kansa ya yi gargaɗi a rubuce-rubucensa game da bidi'o'in da mutane kan aikata a kaburbura. Abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne rashin ƙawa a wurin, idan aka kwatanta da girman sunan mai shi, kuma hakan ya dace da abin da aka sani na rayuwarsa, domin bayan an ci nasara ya raba tafiyar da mulki tsakanin Abdullahi da Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu.

Ga ayarin 'yan mata, babu zangon da ya kai wannan nauyi, saboda a nan ne makwancin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, wato ƙungiyoyin matan karkara da ke zuwa ɗaukar karatu, kowace ƙungiya a ƙarƙashin jaji, wato shugabar da Nana kan naɗa ta hanyar ba ta malfa da jan ƙyalle, ta koyar da ita waƙoƙin da ke ɗauke da hukunce-hukuncen addini da tarbiyya, ita kuma ta koma ƙauyensu ta koyar da sauran mata. Waɗannan mata da ƙafa suke zuwa daga garuruwa masu nisa, tsofaffi da 'yan mata, suna ɗauke da guzuri da sadaka, wanda ke nuna cewa tafiyar mace neman ilimi a ayari tsohuwar al'ada ce a wannan ƙasa. Mahaifinta ne ya share mata hanya, domin a littafinsa Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Malama da ta tsaya da ɗalibanta a wannan wuri tana da amsar da ta fi kowace ƙarfi ga mai cewa karatun ɗiya mace baƙon abu ne da aka shigo da shi.

Fada, Giginya da majema

Bayan sallar azahar a Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello, a ci abinci a huta, akan wuce ƙofar fadar Sarkin Musulmi, inda dogarai masu jajayen riguna da kore ke tsaye, idan kuma an yi sa'a wani daga cikin 'yan majalisa ya karɓi ayarin, malamai su yi gaisuwa da ranka ya daɗe, ɗalibai su durƙusa. A nan akan bi jerin sarakuna tun daga Shehu har zuwa Muhammadu Sa'ad Abubakar, na 20 a jerin, wanda ya hau a Nuwamba 2006, kuma 'yan ƙasar Mafara kan ji daɗin sanin cewa yayansa da ya gada, Muhammadu Macciɗo, ya yi hakimcin Talata Mafara da sarautar Sarkin Kudu tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Akan kuma ba su labarin baƙin da suka zo daga nesa, irin su Hugh Clapperton ɗan Birtaniya, wanda ya gana da Bello a 1824, ya sake dawowa ya rasu a nan a 1827, da Heinrich Barth Bajamushe da ya iso a 1853.

Filin Giginya, wanda yanzu gari ya mamaye, shi ne inda rundunar Ingila ta yi karo da mayaƙan Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, bindiga mai ruwan harsashi ta rinjayi doki da mashi cikin ɗan lokaci. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, Waziri Buhari kuwa ya zaɓi komowa ya zauna da waɗanda suka rage domin kada a bar su ba jagora. Malami kan bar ɗalibai su tattauna waɗannan matsayi biyu ba tare da ya yanke musu hukunci ba, domin kowannensu malamai sun kafa masa hujja a lokacin, kuma koyon auna hujjoji biyu masu karo da juna shi ne babban abin da darasin tarihi ke son dasawa.

Idan lokaci ya rage akan leƙa wurin majema da dukawa, a ga yadda ake jiƙa fatar jar akuya, a cire gashinta da toka, a jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Wannan fata ce fatake suka riƙa kaiwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, aka yi bangon littattafai masu tsada da ita, kuma ganin aikin kan haɗa wa ɗalibi akuyar da ya gani a bakin hanya da kasuwancin Sahara da ya karanta a aji.

Komawa gida da abin da ya tare hanya

Ayari kan bar Sakkwato da la'asar ko kafin ta, a sake ƙirga kawuna, domin a isa gida da sauran rana. A makon da ya biyo baya kowane rukuni kan gabatar da rahotonsa a gaban aji, kuma wannan rahoto shi ne ke tabbatar da abin da aka gani a ƙwaƙwalwa, musamman idan aka bar ɗalibi ya fara rubuta shi da Hausa, harshen da ya yi tambaya da shi aka kuma ba shi amsa.

Sai dai wannan tafiya, wadda ba ta fi ƙarfin makarantar gwamnati ba ta fuskar kuɗi, ta zama abu mai wuya a yammacin Zamfara saboda ta'addancin 'yan bindiga. A daren 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe aka kwashe ɗalibai, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka kai hari kwalejin aikin gona da ke Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandare ta Kaya da ke ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Uban da ya ga haka ba za a zarge shi ba idan ya ƙi sa hannu a takardar izinin tafiya, shugaban makarantar da ya soke ziyara ma ya yi abin da hankali ke kira. Asarar da ke cikin hakan ita ce an sami yaran da suka gama sakandare ba su taɓa ganin birnin da ke da nisan tafiyar safiya ɗaya daga garinsu ba, kuma wannan ya zo ne bayan shekarun da aka cire tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, kafin gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi a 2022.

Maido da darasin a takarda ba zai wadatar ba sai an maido da hanyoyin koyar da shi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, ta kuma karɓi baƙuncin taronta a Abuja a Oktoba 2021, don haka ya kamata tsaron ɗalibi a kan hanyar neman ilimi ya shiga cikin abin da hukumomi ke tsarawa da ware wa kuɗi, a haɗa makarantu da dama a ayari ɗaya, a zaɓi rana da sa'a bisa shawarar jami'an tsaro, a ba su rakiya. Kafin hakan ta samu, akwai abin da ba ya bukatar doguwar tafiya: fadojin Talata Mafara da Bakura da Maradun da Anka suna da dattawan da suka san jerin sarakuna da tarihin ƙaurace-ƙauracen jama'a, zaurukan malamai suna da rubutattun littattafai a gafaka, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyar Waziri Junaidu kuma za su iya aika hotunan takardu da malamai masu bayani zuwa makarantun da ɗalibansu ba sa iya zuwa. Nauyin wannan aiki yana kan ma'aikatar ilimi da masarautu da ƙungiyoyin iyaye da malamai baki ɗaya, domin yaran Jangebe suna da haƙƙin sanin ƙasarsu ta hanyar abin da magabatanta suka gina suka rubuta, kuma kowace shekara da ta wuce ba a yi hakan ba, aji guda ne ke fita daga makaranta ba tare da ya samu wannan haƙƙi ba.